Bai Gyara Hular Ba

Lemo ne ya fara gangarowa daga matakala, sannan Mista Halmi ya biyo baya, ƙafafu sama, jakar cefane a ka. Layin ya kece da dariya. Delfina, maƙwabciyarsa, tana cikin shanya sai da ta riƙe ciki. Har Pruitt mai aski, wanda ko a bikinsa ba a ga haƙoransa ba, ya fito da reza a hannu yana share hawaye.

Ba laifinsu ba ne. Kowa a Culver City, garin masu shirya fim a Amurka, ya san faɗuwa ce sana'ar tsohon. Shekara da shekaru yana rikitowa daga tsani a gajerun finafinan barkwanci marasa magana, ana kifa masa kek a fuska. Da finafinai suka fara magana, aka ce Turancinsa na ɗan ƙasar Hangare ba ya jiyuwa, aka rage kiransa. In ma an kira shi, sai a buga ganga daidai faɗuwarsa, wai don mutane su san inda za su yi dariya. Gangar nan ta ci masa rai. Sai ya koma yi wa 'yan layi faɗuwa kyauta, kuma komai muninta, yakan tashi zaune ya gyara hularsa da yatsu biyu.

Ran nan hular tana can bakin kwata, hannunsa bai neme ta ba. Delfina ce ta fara lura. Ta yar da zanin gadon da take shanyawa ta ruga.

Likita ya ce zuciya ce, da wuya ya kai yamma. Delfina ta zauna gefen gadonsa, kunya kamar ta nutse. Mutum yana mutuwa, su suna tafi!

Ya buɗe ido da ƙyar. "Delfina, an yi dariya?"

Ta so ta yi masa ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Mun yi, Mista Halmi. Allah ya yafe mana."

"Ke dai bar batun yafiya. Sosai, ko ta tausayi?"

"Sosai. Har Pruitt."

"Pruitt? Wannan mai fuskar shanun?"

"Da hawayensa. Saura kaɗan ya yanke kunnen mutum."

Tsohon ya lumshe ido, kafaɗunsa suna rawa. Sai da ta duba da kyau ta gane dariya yake yi.

"Kuma ba ganga," ya ce.

"Ba ganga, kai kaɗai."

"Dama na gaya wa masu fim ɗin nan. Miƙo mini hulata, ban gama ba."

Ta ɗora masa ita. Ya ɗaga yatsu biyu ya karkata ta kaɗan. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Washegari Delfina tana sharar matakala ta ga lemo guda ya maƙale a ƙarƙashi. Ta goge shi da gefen rigarta, ta tsallaka ta ajiye a tagar shagon Pruitt, tukwicin dariyar jiya.