Takarda a Aljihun Gazali

Likita ta ɗago kai daga katin. "Kai ne ɗanta? Wane magani take sha da safe?"

Gazali ya juya wajen mahaifiyarsa. Inna tana zaune gefen gado, ta kawar da fuska. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta kai masa kuka. Shekara huɗu ke nan da ya kwashe iyalinsa zuwa unguwar Gidan Igwai. Duk Juma'a yakan leƙo gidanta a Ƙofar Rini ya ce, "Lahiya dai?" ta ce, "Lahiya lau." Shi kuwa ya yarda.

"Fari guda bayan koko, rabin ja da la'asar," in ji Rifkatu daga bakin ƙofa.

Malamar firamare ce, ita da 'ya'yanta mata biyu suke haya a ɗakunan gaba na gidan Inna. A aljihun Gazali akwai takardar da ya rubuto mata da safen nan: ta tashi ƙarshen wata, zai fasa ɗakunan ya yi shaguna.

"Bara jinin Hajiya ya ba ni tsoro," in ji likita. "Yau ya sauka, har ta yi kumatu. Me kuka canza?"

"Ɗiyan wagga ba su barin mutum shi kwanta," in ji Inna. "Comfort ta ce kitso, ƙaramar ta ce tatsuniya. Tuwo ma sai sun tsare ni na cinye."

Likita ta yi dariya, ta dubi Gazali. "Allah ya yi maka albarka. Ba kowa ke riƙe uwa haka ba."

Gazali ya dafe aljihun da takardar take ciki. Rifkatu ta duƙa tana sa wa Inna takalmi, ba ta gyara zancen ba.

A waje, suna jiran Keke Napep, Rifkatu ta ce, "Malam, ka ce akwai takardar da za ka ba ni."

"Ba taki ba ce." Ya cukuikuye ta cikin aljihu. Ya juya wajen Inna. "Tsohon ɗakina, har yanzu yana yoyo?"

Inna ba ta dube shi ba. Ta gyara mayafi, ta juya wajen Rifkatu.

"Hwaɗa mashi an gyara tun bara. Kullum sai na share shi."