Naman Jegon Saude

Uwa ba ta taɓa yarda da akwatin nan ba, amma ta yarda da ƙanenta, kuma daga nan abin ya lalace.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ne ƙanen nata, Halliru, ya dawo Kazaure daga kwas ɗin aikin gona a Amurka. Ya dawo da farar firiza mai tsawon gadon yaro, da wani sabon salon ɗaga kafaɗa in ana masa magana. Wutar can ba irin tamu ba ce, tamu ta ninka ta, saboda haka sai an sa taransifoma a tsakani ta rage mata ƙarfi. Yana da guda, 'yar ƙarama, wadda ta zo tare da rediyonsa. Daudu mai gyaran wuta ya juya ta a hannu ya karanta bayanta.

"Ranka ya daɗe, wannan ta rediyo ce, ba za ta ɗauki firiza ba. A nemo babba daga Kano, a ɗora ta inda iska ke bugunta, kada a rufe ta da komai."

Halliru ya ce shi da ya zauna inda ake ƙera abin, ba a bakin kasuwar Kazaure za a koya masa ba. Daudu ya tattara sukudirebobinsa ya tafi.

Ita kuwa Uwa, shekara guda ta yi tana kiwon rago da dusa da harawa. Tun rasuwar mijinta ba ta samu ta yi layya ba sai bana. Ga 'yarta tilo, Saude, tana aure a Gwiwa da cikin fari, haihuwa yau ko gobe. Dangin mijin mutane ne masu lura da abin da uwa ta kawo wa 'yarta, kuma ba sa mantuwa. Washegarin Sallah Uwa ta raba na maƙwabta, ta ware cinyoyi da gadon baya da kai da ƙafa na jegon Saude. Ta hura wuta ke nan za ta soya, sai ga Halliru.

"Haba Yaya, har yanzu kina wannan wahalar? Mai jego farfesun ɗanyen nama take so, ba ƙandararren soye ba. Kawo a sa a firiza. Wata uku zai yi kamar yau aka yanka."

Ranta bai so ba. Amma ta hango Saude tana kurɓar romo mai yaji a gaban surukanta, sai ta janye itacen daga murhu.

Kwana biyu ta leƙa gidan ta tambaya. Halliru ya ce ya daskare kamar dutse, buɗewa ce ke ɓata shi. Ta sake komawa ran na huɗu, ya ce da ita haka, har da dariya. Ta ji ɗan ƙauri a falon, ta ɗauka girkin Ma'u matarsa ne ya kama.

Ran na shida da hantsi wani mai keke ya kawo saƙo: Saude ta sauka lafiya, an samu mace. Uwa ta ɗauki babban kwanonta ta nufi gidan Halliru tana ta hamdala. Tun daga zaure ta ga ƙudaje, manya masu koren baya, sun yi cincirindo a labulen falo. Ma'u na tsakar gida da kasko tana ta zuba turaren wuta da rana tsaka, ta gaishe ta ba ta ɗago kai ba.

Uwa ta shiga falo ta ɗaga murfin firizar da kanta. Abin da ya bugo ta bai kamata a kira shi wari ba. Ta ja baya ta toshe hanci da mayafi. Cinyoyin sun kumbura sun yi kore-kore, suna kwance cikin wani ruwa mai yauƙi, kan ragon ya buɗe baki, abubuwa farare suna motsi a gefen ido. Ta fita da gudu ta amayar da kokon safe a bakin rariya.

Da ta dawo ta duba bayan firizar. Taransifomar na ƙasa a lungu, an lulluɓe ta da kyakkyawan ƙyalle mai saƙar fulawa, irin wanda Ma'u ke rufe rediyo da shi, don kada baƙin Sallah su ga mummunan ƙarfe a falo. Ƙyallen ya ƙone ya manne, robar wayar ta narke, bango ya yi baƙi har kusan taga. Da labulen ya kama, da ba nama ake magana ba yanzu.

Halliru ya fito yana gyara hula.

"Tun yaushe ta mutu?" in ji Uwa.

Ya ɗaga kafaɗa. Ma'u ce ta amsa daga waje, murya ƙasa-ƙasa: "Tun yammacin ranar da aka sa, Yaya. Ni na zare filogin da na ga hayaƙi."

Uwa ta dubi ƙanenta. A ranar naman lafiyarsa lau. Ga mai, ga itace, ga gidanta taku kaɗan. Kalma ɗaya ce kawai, da ta soye shi tas kafin magariba. Ya gwammace ya zauna kwana shida da mushe a falonsa, yana shan shayi kusa da shi, da a ce Daudu ya yi gaskiya.

"Na yi zaton sanyin zai riƙe," ya ce. Sai ya rage murya. "Ai ba duka ya tafi ba, Yaya. A wanke da lemon tsami, a cika masa yaji da citta, a dafa sosai. Wa zai gane a Gwiwa?"

Warin bai tayar mata da zuciya kamar wannan maganar ba. Wannan yaron ita ta goya shi. Ta daɗe tana kallon bakinsa, tana jin ƙyamar da ba ta taɓa zaton za ta ji game da jininta ba.

"Saude za ka ba? Mai ɗanyen jiki, da jaririya a nono?"

Ta wanke hannunta har gwiwa, ta ɗaura mayafi. Motar Gwiwa na tashi bayan azahar, kuma dole ta shiga, ko da me. Har ta kai zaure ya biyo ta da sauri, ta tsaya, tana tsammanin ban haƙuri.

"Yaya, don Allah in sun tambaya, ki ce wuta aka ɗauke."

"Ba za su tambaya ba, Halliru," ta ce. "Hannuna kawai za su kalla."