Kwanon Corinne

Merle Ostrander ya tsallaka titi riƙe da kwanon da tawul biyu, yana takawa a hankali saboda ƙanƙarar da ta daskare a kan kwalta. Zafin abincin ya ratsa tawul ɗin yana ƙona masa yatsu, amma bai tsaya ba, don ya ga labulen Misis Gunderson ya motsa. Taku talatin ne tsakanin ƙofarsa da ta Corinne Vasko. Shekara shida ya yi yana shirin wannan tafiya.

Kwanon na Corinne ne. Tangaran ne shuɗi mai murfi, irin wanda ake sakawa a tanda. A Layin Alder, kamar kowane layi a garin, in abu ya sami mutum ba a tsayawa a gaisuwar baki. In haihuwa ce, ko rasuwa, ko karaya, sai Arlys Gunderson, wadda ta riƙe matan coci tun kafin Merle ya fara sanƙo, ta fito da takardarta ta raba kwanaki: wance Litinin, wance Talata. Kowace mace ta manna sunanta a gindin kwanonta don a san inda za a mayar. Kuma ba a mayar da kwano haka nan. Ko ɗan biskit ne sai an sa a ciki.

Shekarar da matar Merle ta bi wani likitan haƙori zuwa Arizona, takardar ba ta fito ba. Ba wai an ƙi shi ba ne, a'a, ba a dai san ko abin na jaje ne ba, tunda akwai masu ganin matar ta yi dabara. Merle kansa yana cikinsu a wasu ranakun. Corinne kaɗai ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, tana sanye da farar rigarta ta kantin magani, ta miƙa masa naman kaza da shinkafa. Ta ce ya ci da zafi, kuma ya aske gemun nan don bai yi masa kyau ba. Ya cinye a tsaye. Ya wanke kwanon, ya ɗora a kan firji, ya ce sai ya koyi dafa wani abin kirki.

Kafin ya koya, ciki ya bayyana a jikin Corinne. Tana da shekara arba'in da biyar, ba miji, ba saurayi. Ba ta kuma ɓoye ba. Ta gaya wa duk wanda ya tambaya, har da wanda bai tambaya ba, cewa ta gaji da jiran namijin da zai dace, ta je wani asibiti a birni ta zaɓi uban ɗanta daga cikin takardu, mutumin da ba za ta taɓa gani ba, likitoci suka sa mata maniyyinsa. Da ta haifi Willa, matan layin suka jira takarda. Arlys ta ce takardar ta wanda abu ya sama ce, ita kuwa wannan ba samunta ya yi ba, da ƙafarta ta je ta nemo. Babu wanda ya yi musu. Merle, mai gyaran injin ɗumama gida, wanda ke shiga ɗakin ƙasa na kowane gida a layin, ya fi kowa iya shiru.

Yanzu Willa tana da shekara biyar, Corinne kuma likitoci sun sallamo ta gida da ciwon daji, sun ce babu sauran abin yi.

Ƙanwarta Renata, wadda ta zo daga Ohio don jinya, ita ta buɗe masa. An kawo gadon asibiti an kafa a falo, kusa da taga. Corinne ta zama kamar rabin kanta, amma idanun nan suna nan, idanun matar da ta san maganin da kowa a garin yake sha a ɓoye.

"Lallai na kusa," in ji ta. "Tunda Merle Ostrander ya shiga kicin."

"Taliya ce da kifin gwangwani."

"Ai na ji ƙaurin tun kana tsakiyar titi. Ɗaga min in ga gindin."

Ya ɗaga kwanon sama da kansa kamar mai nuna kofin da ya ci a gasa. Takardar tana nan manne, ta yi ruwan ƙasa, sunan ya kusa gogewa.

"Ikon Allah. Na ɗauka ka aika wa matarka da shi wajen mai haƙoran."

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Renata ta karɓi kwanon ta kai kicin. Yana ji Willa tana tambaya ko abincin kyanwa ne. Ya zauna a bakin kujera, hularsa a kan gwiwa, ya fara jawabin da ya kwana uku yana tsarawa: cewa ya so ya kawo tun lokacin haihuwa, aiki ne ya yi yawa, lokacin sanyi ne, injinan mutane duk sun lalace.

"A watan Yuni na haihu, maƙwabci."

Ya dubi hularsa.

"Kuma ka kawo," ta ce. "Na gan ka. Kwana uku da dawowata daga asibiti. Ka fito da shi har bakin titi, sai ga motar Arlys. Ka ɗora shi a kan akwatin wasiƙa, ka yi ta leƙa ciki kamar mai jiran saƙon shugaban ƙasa. Daga nan ka ɗauka ka koma."

Ta huta, ta nemi ruwa. Ya miƙa mata kofin da ke gefe, ashe gutsattsarin ƙanƙara ne a ciki. Kwana goma ke nan ba ta iya haɗiye komai, sai ta tsotsa. Ta ci gaba ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce fiɗa aka yi mata, kuma sati biyu ta yi tana cin biskit da man gyaɗa a tsaye, jaririya a kafaɗa, ɗinki yana ja. Ta ce ba ta sa rai da matan ba, ta san su, ita ke ba su maganin hawan jini. Ƙofa ɗaya kawai take kallo ta wannan tagar.

"Corinne, na zo ne in ce..."

"Kada ka faɗa. In ka faɗa dole in ce ba komai, ni kuma ba ni da ƙarfin ƙarya yanzu."

Willa ta shigo da hoton doki da ta zana, ta hau gadon ta gefen da ba bututun magani, kamar wadda aka koya wa. Corinne ta sa hannu a gashinta, fuskarta ta canza gaba ɗaya. Ta ce da Merle, ba tare da ta dube shi ba, kada ya kuskura ya tafi da tunanin ta yi nadama. Da za a mayar da ita baya, da wuri za ta je asibitin nan na birni neman cikin, ta sami ƙarin shekara biyar da yarinyar. Ya ce ya sani. Ta ce bai sani ba, amma ya gaida gida.

Ranar Talata da hantsi ta rasu. Merle yana kwance a ɗakin ƙasa na wani gida da sukudireba a baki lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Arlys ce. Ta ce takarda ta fito, an ba shi Alhamis, in ba zai iya girki ba ya sayo burodi.

Abinci ya zo kamar an buɗe famfo. Firjin Corinne ya cika, teburin ya cika, sai Renata ta riƙa jera kwanuka a baranda cikin ƙanƙara. Naman alade, dankali da cuku, wake, kek iri huɗu, duk don mace ɗaya baƙuwa da yarinyar da ba ta cin komai sai tuffa. Bayan jana'iza aka ci abinci a zauren coci. Arlys ta miƙe ta ce Corinne jaruma ce, ta yi renon 'yarta ita kaɗai ba ta taɓa neman taimakon kowa ba. Mutane suka gyaɗa kai. Merle ma ya gyaɗa. Ya kuma ƙara faranti na biyu, don dankalin ya yi daɗi, kuma wannan ma bai yafe wa kansa ba.

Sati biyu bayan haka aka kafa allon sayarwa a gaban gidan. Renata za ta koma Ohio da Willa. Ranar ƙarshe ta bi layin gida gida da amalanken yara cike da kwanuka, tana duba gindin kowanne. Merle yana kallo ta taga. Ya ga kowace mace ta buɗe murfi ta yi murmushi: biskit ne a ciki. Corinne ce ta bar wasiyyar haka, kada a ce 'yan gidan Vasko ba su san al'ada ba.

Bai zaci za ta tsaya a ƙofarsa ba, don burodinsa a leda ya kai. Sai ga ta da shuɗin kwanon. Ya ce ai wannan na yayarta ne, na Willa ne yanzu. Renata ta juya masa gindin. An ɓare tsohuwar takardar an manna sabuwa, da rubutun hannu mai rawa: M. OSTRANDER.

"Ita ta rubuta, kwana biyu kafin ta cika," in ji Renata. "Ta ce naka ne, ka fi ta daɗewa da shi."

Ya ɗaga murfin. An wanke shi tas, har ƙaurin da ya kama a gefe an kankare.

"Na so in sa biskit ɗin," ta ce, tana kallon takalminta. "Ta ce banda wannan."

Ya yi godiya. Ya tsaya a ƙofa har motarsu ta karya kwana, Willa a baya tana kallon wani abu a cinyarta. Sannan ya shiga kicin, ya jawo kujera ya hau. A saman firjin ƙura ta kwanta ko'ina, sai wuri ɗaya mai tsabta, daidai faɗin gindin kwanon. Ya ɗora shi a nan, ya ɗan juya shi har ya zauna daidai.