Amsar Farfesa Dobrivoje

Lokacin da Radmila ta buɗe dandalin tambaya da amsa a intanet, ba su fi cikin cokali ba: ita, da 'yan ɗalibai, da malaminta Farfesa Dobrivoje, dukansu masu binciken yadda ƙarfe ke lanƙwasa da yadda yake tsagewa. Dattijon ne gishirin wurin. Ɗalibi zai sa hoton ƙarfen da ya karye masa a gwaji, kafin kofi ya huce Dobrivoje ya amsa, da tsokana a gaba: "Kai yaro, wannan walda ce ko tofin yawu?" Daga nan ya warware masa lissafin tiryan-tiryan.

Labari ya bazu daga garinsu Kragujevac zuwa Sofiya, ya kai Turin, har aka daina ƙirga ƙasashe. Kasuwa kuwa in ta cika ba a rasa 'yan damfara. Masu tallan tarukan bogi suka addabi kowa. Radmila ta gaji da shara, ta kafa doka: kowa ya karanta, amma ba mai rubutu sai da imel ɗin jami'a. Aka yi ta yaba mata, ita ma kanta ya kumbura.

Ta manta cewa jami'arsu na rufe imel ɗin mutum da zarar ya yi ritaya, kuma Dobrivoje bai daɗe da ajiye aiki ba. Ba wai ba ta lura da shirunsa ba. Ta ce a ranta tsoho na hutawa a lambunsa, za ta kira shi in ta samu sarari. Aka shekara biyu sararin bai samu ba.

Sai da dandalin zai cika shekara goma ta tafi ƙauyensu gayyatarsa biki. Matarsa Leposava ta kawo mata slatko, 'ya'yan itace dafaffu da sukari, a ƙaramin faranti da cokali, da ruwan sanyi.

"Ci, 'yata. Kin zo ganin mahaukacin namu? Kullum da safe yana gaban kwamfuta yana wa bango lacca."

"Leposava, rufa min asiri mana."

"Asirin me? Ya karanta tambayar yara, ya buga tebur, ya faɗi amsa da ƙarfi. Ni da kyanwa mun kusa zama injiniyoyi."

Cokalin ya tsaya a hannun Radmila. Sai a lokacin ta gane wanda dokarta ta kulle a waje, kunya ta rufe ta.

"Malam, me ya hana ka kira ni?"

"In roƙi ɗalibata ta karya dokarta saboda ni? Haba. Dokar ma ta yi kyau, wurin ya yi tsaf." Ya gyara tabarau. "Abu ɗaya ke ci min rai. Akwai wani yaro, Tudor, daga Iashi, ya yi tambaya kan tsagewar walda. Nauyin ya ɗora a inda bai dace ba, layi biyu ne maganinsa. Mutane dubbai, ba wanda ya tanka masa. Kowa ya yi girma, ko?"

Radmila ta san Tudor. Malaminsa ya gaya mata a wani taro cewa yaron ya gaji da gwajin da ya ƙi fita, ya watsar da digirin ya tafi tuƙa babbar mota a Jamus. Maimakon ta gaya masa, ta jawo kwamfutar, ta buɗe wa dattijon ƙofar dandalin nan take. Aikin bai kai tsawon shan ruwa ba, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo.

Dobrivoje ya matso da kujera yana murza hannu. Ya lalubo tsohuwar tambayar, ya fara bugawa da yatsa ɗaya.

"Kai yaro," ya rubuta, "yi haƙuri, na ɗan makara."