Ƙarƙashin Ƙofar Murhu

Wutar dajin da ta ci tudun Orval Tibbets bara ta bar masa gidansa, ta bar masa shagon da yake haɗa bindigogi, amma ta tafi da itacen da ya sa shaida. A kwarinmu na arewacin Idaho kowa yana da bututun roba a ƙasa, da bindiga a ciki an shafe ta da giris, ana jiran ranar da duniya za ta lalace. Ba a rubuta wurin, ba a gaya wa ko matar aure. Itace ɗaya mutum yake zaɓa, su riƙe sirrin su biyu. Ni in ina tafiya a daji a hankali nake taka ƙasa, ina tunanin bindigogin nan kwance kamar dankali, ina cewa da za su tsiro ko wane irin ganye za su yi.

Ni maƙwabcin Orval ne tun muna da baƙin gashi. 'Yarsa Marlys ta zo daga birni da kwalayen haɗa kayansa a bayan mota, ta same mu muna shan kofi a bakin shago. Ta riga ta kama masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Ba laifinta ba ne. An tsinci butar shayinsa a firji, kuma ranar wata Talata ya sa kwat ya je coci ya zauna shi kaɗai yana jiran fasto.

"Ba inda za ni sai na tono bindigarki," in ji Orval.

"Wace bindigata kuma, Baba?"

"Wadda na haɗa miki. Shekarar da aka ce kwamfutoci za su tsaya."

"Ba ka taɓa haɗa mini bindiga ba. Kawu Elwood, kai ka san da wannan zance?"

Na tuna wani lokacin kaka da na ga Orval ya hau tudu da farin bututu a kafaɗa. Amma a shekarar ce kuma ya gyara rijiyarsa, ko kuwa ni ne na gyara tawa. Na ce mata ina ganin kamar na sani.

"Kamar," in ji ta. "To. Ina nan har Asabar. In bindiga ta fito, kanka ƙalau yake, in kwashe kwalayena in ba ka haƙuri. In ba ta fito ba ka shiga mota ba gardama."

"Na yarda," in ji Orval. Da ta shiga gida ya juyo ya ce mini, "Me na yarda da shi?"

Washegari na ɗauko na'urata ta gano ƙarfe, wadda nake neman tsofaffin maɓallai da ita a kufan masu haƙar zinariya. Tudun ya zama toka da baƙaƙen kututture, sai wasu furanni masu ruwan hoda da ban taɓa gani a wurin ba sai da wuta ta wuce. Orval ya ce itacen mai kai biyu ne. Yanzu babu mai kai ko ɗaya.

Ina kunna na'urar ta fara kuka. Na matsa, kuka. Na ɗaga ta na juya, kuka.

"Ta lalace," in ji Orval.

"Ba ta lalace ba, tsoho. Ƙasarka ce duk ƙarfe."

Ya tsaya yana kallon ƙasa, can sai ya fashe da dariya har da riƙe gwiwa. Shi ne ya barbaɗa. Bayan ya binne bututun ya yi ta zuwa da buhunan ƙusoshi da tsofaffin takalman doki da duk tarkacen shagonsa yana tusawa a ƙasa, don in mutanen gwamnati sun zo da irin wannan na'ura su haukace. Ba wanda ya zo. Mu ne muka zo.

"Ka ga aiki!" in ji shi. "Ko ni ba zan same ta ba."

"Kai ɗin ne kuwa kake nema."

Muka yi ta tono. Ranar farko muka ciro ƙofar tsohon murhun ƙarfe, mai zanen barewa a jiki, muka jingine ta a kututture muka yi gaba. Daga nan sai sarƙar keke, da kan gatari, da cokali mai yatsu wanda wuta ta lanƙwashe shi kamar hannun mai roƙo. Shi na sa a aljihu. Orval wani lokaci ya san abin da muke nema, wani lokaci ya ɗauka dankali muke haƙa, yana faɗan mun makara. Ni kaina zuwa Alhamis na fara shakka. Na kwanta a toka in huta, na ga kamar ni ne na binne wani abu a nan, shi yake taya ni nema. Har na tambaye shi, ya ce in ni ne to in faɗi wurin mu huta.

Marlys tana kawo mana gurasa da naman barewa da rana. Takan dubi ramukan, ta dubi hannun mahaifinta da ya yi kanta ya fashe.

Ran Juma'a ta ce, "Ya isa haka. Kawu, kai ma da girmanka kana biye masa."

"Ni na'ura kawai nake riƙewa, 'yata."

Orval yana zaune a kan kututture yana tauna, bai ma san da shi ake ba. Ya shiga yi mata karatu irin wanda yake yi wa samari masu zuwa shago.

"Ku yaran yanzu ba ku iya binne abu ba. Rami ɗaya, ku jefa, ku rufe. Ba haka ake yi ba. Ka kai shi can ƙasa, ka zuba ƙasa, sannan ka ɗora babban ƙarfe a sama. Wawa ya zo da na'ura, ta yi kuka, ya tona, ya ga ƙarfe, ya yi tsaki ya tafi. Wawa a kan ƙarfen farko yake tsayawa."

"Babban ƙarfe kamar me?" na ce.

"Ko me. Garma. Ƙofar murhu."

Na dubi ƙofar murhun tana jingine, barewar jikinta tana kallonmu tun ranar farko. Marlys ma ta duba.

"Orval," na ce, "mu fa a kan ƙofar murhu muka tsaya."

"To ku wawaye ne," in ji shi, ya ci gaba da taunarsa.

Marlys ce ta karɓi shebur. Ta shiga ramin da muka ciro ƙofar, da takalmanta na birni, ta yi ta haƙa har ya kai mata ƙugu, sannan shebur ya daki abin da ba dutse ba. Bututun a tsaye yake. Da ƙyar muka zaro shi, muka yanke murfin da zarto. Warin tsohon giris ya bugo mu. Ta warware tsummokaran, ga bindiga ƙarama, ƙotarta ta jan katako mai sheƙi, da ɗan kifin nan da Orval yake sassaƙawa a ƙasan duk ƙotar da ta fito daga hannunsa.

"Baba," ta ce. "Ga ta. Gaskiyarka ne."

Orval ya karɓa, ya juya ta, ya leƙa bakin, ya shafa katakon da babban yatsa.

"Ta wa ce?"

"Taka ce," in ji Marlys. "Kai ka yi ta."

"A'a. Mai wannan ya iya aiki, ba ƙarya. Amma ban san shi ba. Elwood, wa yake binne kaya a ƙasata?"

Bindiga ta fito, wato ya ci. Ga shi kuma yana tsaye yana yabon wani mutum da bai sani ba. Na dubi Marlys in gane wanne za ta ɗauka, na ga ita ma ba ta sani ba.

Ta karɓi bindigar ta kai kafaɗa. Ƙotar ta yi mata gajarta sosai, gwiwar hannunta ta naɗe kamar fiffiken kaza.

"Na tuna," ta ce a hankali. "Ka taɓa auna hannuna da zare a kicin. Na ɗauka rigar sanyi za a saya mini. Na yi ta jira."

Orval bai ji ba, kafaɗarta yake kallo, fuskarsa ta koma ta mutumin shago.

"Wannan ta yarinya ce, baiwar Allah. In kika harba ta haka sai ta fasa miki hanci. Kawo ta shago in yi mata sabuwar ƙota. Ina da katako mai kyau."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Kwana? Ji ta! Sai katako ya sha mai ya bushe, ya sake sha. Ba kafin ƙanƙarar hunturu mai zuwa ta narke ba."

Marlys ta daɗe tana kallon kifin. Sannan ta miƙa masa hannunta, daga kafaɗa har yatsu.

"To auna."

Ya laluba aljihu bai sami zare ba, na ciro igiyar takalmina na ba shi.

Ran Asabar ta sauke kwalayen da ta cika da kayansa daga mota, amma ba ta tafi ba. Ɗakinta na dā ta share, ta ce za ta yi aikinta ta waya har a gama ƙota, daga nan a gani. Ban gane ko wa ya ci a cikinsu ba. Orval yana shago kullum, yana gaya wa kowa wata mata ce daga birni ta kawo masa aiki, mai kirki, sai dai ta cika sa ido. Ƙofar murhun tana gidana. Na tambaye shi ko in mayar masa, ya ce bai taɓa ganinta ba.