Tukunyar Gas a Shagon Birger

…kuma a ce yau, Birger, yau da na yi aski? Duk ranakun duniya ba ka ga ta tayar da gobara ba sai wadda gashin-bakina ya kwanta yadda nake so. Ga ni nan tsaye bayan igiyar 'yan sanda, toka na sauka a kafaɗar sabuwar rigata. Wa zai biya wanki? Kai?

Shagonmu na walda can ƙasan layi, hayaƙi kawai. 'Yan kwana-kwana sun shiga, sun ja da baya. Tukunyar gas ɗin walda ta ɗau zafi, in ji su, ko wutar ta mutu ita tana ci gaba da dahuwa daga ciki. Ba mai matsawa sai an huda ta da harsashi daga nesa. Ni za a karanta wa wannan? Ni da ka cika wa kunne tun muna da gashi baƙi — Sixten, kada maiƙo ya taɓa bakin tukunya. Sixten, ɗaure ta da sarƙa, ba budurwarka ba ce da za ka kwantar. Sixten, in ta yi zafi kada ka taɓa, kada ka ja, gudu kawai, gudu…

To, malam mai doka. Kai me ya mayar da kai ciki?

Ranar nan da na fasa jakar takarda a bayanka kana walda, ka yi tsalle har hularka ta faɗi. Jakin banza, ka ce. Sannan ka raba min burodin kirfa lokacin shan kofi, ka ba ni ɓangaren da ya fi sukari. Kullum ni ne mai ɓangaren sukari. Na cancanta mana, dubi fuskata.

Majvor na gefena, matarka, da silifas ɗin gida a cikin wannan sanyi. Ba ta kuka. Da ma ta yi. Ta ce ka fito lafiya, ka tsaya a titi kana tari, sai ka ji rediyo daga ɗakin baya. Ka ce, wawan nan yana ciki, ka koma nemana.

Rediyon… ai dabara ce mai kyau, kai ma ka sani. In bar shi yana waƙa, in rataya jaket a ƙofa, in zame wurin wanzami in dawo, ba wanda ya ankara. Ka daɗe da gano ni, Birger. Ka gano. Me ya sa yau ka yarda ina ciki?

A'a, ba abin da ya same ka. Kana kwance ne bayan tebur ɗin ƙarfe, inda iska ke shigowa ta ƙasa. Kana jira ka fito ka zage ni a gaban jama'a. Na yarda, zagi biyu, amma kada ka taɓa gashina.

Maharbin 'yan sanda ya kwanta a kan rufin mota. Yana saiti, yana saiti… harbi mana, bawan Allah, akwai mutum a ciki!

Tas. Wani harshen wuta fari ya tsarto daga tukunyar, yana huci, yana raguwa. Majvor ta damƙe hannun rigata, duk ta yamutsa shi. Bari kawai.

'Yan kwana-kwana sun shiga. Biyu, uku. Ɗaya ya leƙo, ya yafito masu gadon ɗaukar marar lafiya.

Ku yi sauri mana… Birger, gaya musu. Me ya sa suke tafiya a hankali haka? Me ya sa ba wanda ke gudu?