Ranar da Aka Zo Ganin Gida

Wayar ta sake ruri a aljihunsa, karo na huɗu ke nan. Wakili bai ciro ta ba, don hannayensa biyu na tallafe da Baba Mai Rediyo, yana gyara masa zama ko numfashin zai daidaita.

"Ɗauka mana," in ji tsohon da ƙyar. "Ubangidanka ne."

Shekara shida Wakili yana kula da benen nan a madadin mai shi. Shi ke sa 'yan haya, shi ke kiran mai gyaran famfo, kuma shi ma nan yake zaune da iyalinsa, ƙofarsa na kallon ta Baba. Baba kuwa ya riga shi shigowa da shekara ashirin, yana gyaran rediyo a bakin tagarsa.

Wakili ya fito baranda ya amsa.

"Mai sayen gidan tana hanya," in ji mai gida, ko gaisuwa babu. "Ka buɗe mata kowane ɗaki."

"Ban da na Baba, ranka ya daɗe. Jikin ya rikice tun safe. Likita ya zo ya ce a kira 'yarsa."

"Leƙawa kawai za ta yi! Ka san wata nawa ina neman mai saye?"

"Ba a shiga wa ɗan haya sai da yardarsa. Shi kuwa yau ba ya cikin halin da zan tambaye shi."

"Ni kake wa aiki ko shi?"

Kafin ya buɗe baki an kashe wayar.

Ya kasa zama. Ya je bakin get, ya dawo, ya leƙa Baba, ya sake komawa. Ya kira 'yar. "Muna hanya, Yaya, cunkoso ne ya tsare mu," ta ce cikin kuka. Ta labule ya hango matarsa tana wanke-wanke da tsohon cikinta. In aikin nan ya tafi, da ɗakinsu zai tafi.

Da hantsi mota ta tsaya. Hajiyar da ke son sayen gidan ta shigo da sauri tana ɗaukar hoto da waya. Ya zagaya da ita sama da ƙasa, ya nuna mata tankin ruwa da mitar wuta, har da bangon bayan da ke yoyo in an yi ruwa, wanda ba ta ma lura da shi ba. A ƙofar Baba ta kai hannu ga labule.

"Nan fa?"

"Akwai marar lafiya, Hajiya. Girman ɗakin ɗaya da wanda kika gani a sama."

"Ni ba na sayen abin da ban gani ba."

"To sai dai wata rana, ki yi haƙuri."

Ya gyara tsayuwa a bakin ƙofar. Sai ga murya daga ciki, siririya.

"Wakili, wane ne?"

"Baƙuwa ce, Baba."

"Ka bar ta a tsaye? Ba ta kujera mana."

Hajiya ta janye hannunta. Ta dube shi, ta dubi labulen, ta jefa wayar a jaka. "Allah Ya ba shi lafiya," ta ce, ta juya. Ba ta ce za ta dawo ba.

Ya koma ciki ya zauna a gefen gadon. Baba ya kamo yatsunsa.

"Ta iso?"

"Ta kusa, Baba."

Tsohon ya ƙura wa ƙofa ido, leɓɓansa na motsi. Wakili ya sunkuya yana karanta masa kalmar shahada a hankali. Bai san lokacin da riƙon ya saki ba, sai ji ya yi ɗakin ya yi tsit.

Yana fitowa saƙon mai gida ya shigo: gobe ya kawo makullai ofis. Ya karanta sau biyu, ya mai da wayar aljihu.

Sai ga 'yar ta faɗo gidan da gudu. Fuskarsa kawai ta kalla, ta wuce shi ta afka ɗakin. Takalmanta suka watse a bakin ƙofa, ɗaya a kife. Wakili ya duƙa ya juya shi, ya jera su gefe guda, sannan ya zauna a kan matakala.